Ɗakin Sanyin da Iliya Ya Yi Mini

Litinin, 21 ga Afrilu

Masu aiki sun gama yau. Faranti shida na hasken rana a bisa rufi, batura biyu manya a lungu, da na'urar sanyi can sama jikin bango. Kilim, in ji Iliya. Sun cire tagar katako sun sa gilashi, sun liƙa roba a gindin ƙofa don kada iska ta shiga. Da suka kunna sai da na nemi mayafi, ga kaji a waje suna buɗe baki don zafi.

Iliya ya kira daga arewa, can wurin haƙar zinariya inda yake tuƙa tankar ruwa. Ya ce, "Inna, lokotoro ya ce zafi ne ke tada miki hawan jini. Ki shiga ki huta, wahalar ta isa haka." Na yi godiya, na sa masa albarka. Ban ce masa da ya dawo gida da ya fi mini sanyi ba. Shekara uku ke nan ina kwana ina tashi da hanyar nan a zuciya. Shi kaɗai ya rage mini tun da ubansa ya rasu.

Abu ɗaya na lura. In an rufe ƙofar, ba a jin kome. Ko jakin maƙwabciyata Kaltumi, wanda ke hana unguwa sakat.

Laraba, 23 ga Afrilu

Na je wurin Inna Tabita, kamar kowace Laraba da Asabar. Sura ta shida.

Duk sanda na buɗe Littafi a gabanta sai in tuna ajin karatun manya a bayan majami'a. Ina da shekara arba'in da shida, jikokin wasu na leƙe ta taga suna dariya, ita kuma ta riƙe yatsana a kan allo har na iya rubuta Larai. Yanzu idonta ya tafi, ƙafa ma ta ƙi. Tana gidan ɗan ƙanenta a bayan kasuwar dabbobi. Su Musulmi ne, matarsa Hawa ke kula da ita, kuma da zuciya ɗaya take yi.

Bishara mafi gajarta Inna ta zaɓa, sura goma sha shida, wai lokacinta ma gajere ne. Fasto Magaji ya taɓa kawo mata ƙaramar rediyo mai karanta Littafi, ta mayar masa. Ta ce, "Ke na koya wa, ke za ki karanta mini har ƙarshe. Ɗaukar mini alkawari." Na ɗauka.

Rabin awa ne a ƙafa. Ba na hawan kabu-kabu tun da na faɗi bara. Agogo kuwa ban taɓa bukata ba, masallacin unguwa ne agogona tun ina amarya. In ladan ya kira asuba in tashi in yi addu'ata, azahar in yi wa Iliya, la'asar in ɗauki Littafi in fita. Kaltumi tana mini tsiya, wai ladansu gona biyu yake nomewa da fartanya ɗaya.

Asabar, 26 ga Afrilu

Sura ta bakwai. Na yi tuntuɓe wajen sunayen garuruwa, Inna ta gyara mini daga kwance. Na dawo da ƙura da zufa, na tura ƙofa, sanyin ya karɓe ni kamar hannu. Na ce, Larai, ashe haka masu hali ke zaman duniya.

Litinin, 28 ga Afrilu

Kwana uku ban ji kiran asuba ba. Rana ke tashe ni ta gilashi. Na yi addu'ar daga baya, ai Ubangiji ba ya bin agogo. Ta Iliya ce ke damuna. Jiya sai da yamma na tuna, gabana ya yi ta faɗuwa har ya kira.

Laraba, 30 ga Afrilu

Ban je ba. Na kishingiɗa bayan abincin rana in jira la'asar, na farka gari ya yi ja. Asabar zan karanta mata biyu.

Asabar, 3 ga Mayu

Na sa takalmi, na buɗe ƙofa, zafi ya mare ni. Kaina ya sara. Na ce bari rana ta ɗan karya tukuna. Shi ke nan.

Na so in kira Hawa in ba da haƙuri. Kunya ta hana.

Lahadi, 4 ga Mayu

Sujada. Kwanon rufi na ƙara don zafi, mata na fifita da murfin littafin waƙa. Shekara talatin ina zama a bencin nan ban taɓa jin tsawon wa'azi ba. Yau ina ta ƙirga takun da ke tsakanin ƙofar majami'a da ɗakina.

Laraba, 7 ga Mayu

Na bar ƙofar a buɗe har na ji kira. Na kama hanya ina shirya ban haƙuri.

Hawa na surfe a tsakar gida. Na durƙusa gaban gadon Inna na ce ta gafarce ni, sau biyu na saɓa. Ta ce, "Wace saɓawa? Ba kin zo ba? Buɗe ta goma, nan munka tsaya."

Na ce a raina tsufa ne, kwanaki sun fara haɗe mata. Har na ɗan ji sauƙi, Allah ya gafarta mini. Sai Hawa ta leƙo da taɓarya a hannu ta ce, "Inna Larai, yau dai ki sha ruwanmu. Laraba da Asabar na aje miki, kinka bar shi har ƙuda ya hwaɗa. Ko mun yi laihi ne?"

Na ce babu laifi, ɗiyata. Na sha ruwan.

Na karanta ta goma. Ban san abin da na karanta ba.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na tambayi Kaltumi ta kan katanga, kamar da wasa, ko ta gan ni ranar Asabar.

"Na gan ki mana. Da mayahinki shuɗi, Littafi a hammata, kina tahiya awa budurwa. Na ce a dawo lahiya, ko waiwaye. Na ce to, tunda an samu kilim an bar gaisuwa da talakawa."

Na yi dariya don ta yi. Na shiga na buɗe akwati. Mayafin yana nan a ninke yadda na bar shi. Na shinshina, ƙamshin sabulu kawai.

Asabar, 10 ga Mayu

Na ce yau zan gani da idona. Na sa wa ƙofar gida sakata ta ciki, na jawo kujera gaban gilashi inda ake hango ta. Ban kwanta ba. Ina kallon inuwar bedi tana rarrafe a tsakar gida. Na ga ta kai randa. Sai na ga ta haye katanga, gari ya yi ja. Abin da ke tsakani ban san shi ba.

Sakata tana nan yadda na sa ta. Takalmana fes. Amma maƙogwarona ya bushe, muryata ta dushe, kamar yadda take yi in na daɗe ina karatu da ƙarfi.

Ga abin da ban so in rubuta ba. Jikina ya yi daɗi. Ban taɓa hutawa irin haka ba.

Litinin, 12 ga Mayu

Na kira Fasto Magaji ya zo. Ban iya faɗa masa duka ba. Na ce barci ne ke sace ni, ina kuskure lokutan addu'a.

Ya tsaya tsakiyar ɗaki yana kallon na'urar, ya ce, "Uwar Iliya, wannan ai sai mu maido taron dattawa nan." Ya ce kyautar ɗa ce, kuma ba zunubi ba ne mutum ya huta, sai dai in lura kada kujera ta zame mini bagadi. Ya ce mu yi addu'a. Ya zauna, ya rufe ido, ya fara da ƙarfinsa kamar yadda ya saba. Wajen tsakiya muryarsa ta yi ƙasa, ta ƙara yin ƙasa. Na jira amin. Sai minshari.

Na zauna ina kallonsa, bakinsa a ɗan buɗe. Sai na kama kaina ina tunanin ko yanzu haka wani yana gaisawa da shi a wata unguwa.

Da ya farka ya ce amin, ya nemi hularsa, bai dube ni ba. Yana tada moto ya ce, "Hawa ta ce ba ki fashi ko sau ɗaya. Ubangiji ya sāka miki." Na ce amin.

Laraba, 14 ga Mayu

Na fita tun kafin kira, na zauna a ƙofar gida kamar wadda aka kora daga ɗakinta. Sura ta sha biyu ce yau, tunda an ce an yi ta sha ɗaya.

Hawa ta tafi famfo. Inna ta lalubo wuyan hannuna ta riƙe.

"Da zahi," ta ce. "To ke ce."

Ta ce tun ranar farko ta sani. "Muryarki ce, gaisuwarki ce. Amma ni na koya miki. Ke in kin zo ga suna mai tsawo sai kin haɗiyi yawu, kuma ina jin yatsanki yana jan takarda. Waccan ba ta tuntuɓe, ba ta tsayawa numfashi. Hannunta awa gindin randa."

Na ce to don me ta ce na zo.

"In kunyata ki gaban Hawa? Ita da ke gaya ma mijinta mu 'yan majami'a akwai riƙon alkawari?"

Na ce mece ce, Inna, aljana ce? Ta ce ba ta sani ba. Ta kira sunan Yesu a gabanta, waccan ta amsa da amin ta ci gaba. Ba ta sauya ko kalma ɗaya, abin da ke rubuce shi take karantawa. "Shi ya hi ba ni tsoro. Kome daidai, babu kowa ciki."

Ta ƙara matse ni. Ashe har yanzu da ƙarfi a yatsun nan.

"Saura huɗu. Kada ki bari ita ta kai ni ƙarshe, Larai. Labarin tashin nan, daga bakin mai rai nike son in ji shi."

Na yi kuka, na sake ɗaukar alkawari. Na dawo na kashe na'urar, na fitar da tabarmata tsakar gida.

Asabar, 17 ga Mayu

Sha uku. Da ƙafata, da bakina. Ƙuraje sun fito mini a wuya da baya, barci sai juyi. Amma na ji asuba, na ji azahar, na yi wa Iliya addu'a a kan lokaci. Jakin Kaltumi ma na ji shi kamar ɗan'uwa.

Litinin, 19 ga Mayu

Iliya ya kira. Ashe wayarsa tana nuna masa in na'urar tana aiki ko ba ta yi.

"Inna, kwana biyar a kashe. Ba ki so ne? Ni ina nan ina shan rana don ki sha inuwa."

Na ce ba haka ba ne, ɗana. Yaya zan faɗa masa? Ina jin iska tana busawa a wayar. Ya ce makon jiya an tare motar da ke bayansa a hanya, sai ya fasa labarin, ya ce ba kome. Ya ce abu ɗaya ke sa shi barci a can, sanin cewa ina cikin sanyi.

Na tashi na kunna yana kan layi, don ya gani. Zan bar ta tana yi, ni in zauna waje. Ba wanda ya ce dole in shiga.

Laraba, 21 ga Mayu

Sha huɗu. Sura mai tsawo, ta ɗauke mu har rana ta sunkuya. A cikinta ne Ubangiji ya roƙi abokansa uku su zauna a faɗake tare da shi a lambu, ya dawo har sau uku ya same su suna barci. Da na kai nan haruffa suka narke mini. Inna ta bar ni na gama share hanci, sannan ta ce, "Ci gaba. Su ma an gahwarta musu, amma sai da sunka tashi."

Ta rame ƙwarai. Hawa ta ce cokali uku na kunu ta sha tun jiya. Da zan tafi ta ɗaga yatsu biyu.

Na dawo na shiga ɗakin in ɗauki maganina. Na ɗan zauna bakin gado. Kaɗan ne.

Asabar, 24 ga Mayu

Zafin yau ban taɓa ganin irinsa ba. Tun hantsi jiri ke ɗibata. Na roƙi Kaltumi in an kira la'asar ta shigo ta buga mini ƙofa da ƙarfi, ko da turmi ne. Na shiga in tara ƙarfin tafiya, don in na faɗi a hanya ba wanda na amfana.

Na farka da magariba, murya a dushe.

Kaltumi ta ce, "Na taho in buga, sai ga ki kin hito kina jan ƙohwa. Na ce to, ta hutasshe ni."

Lahadi, 25 ga Mayu

Na je sujada da niyyar in wuce wurin Inna in karanta mata ta ƙarshe yau, ba sai Laraba ba. Da aka tashi rana ta take tsaka. Gobe.

Litinin, 26 ga Mayu

Ba idon Inna nake tsoro ba. Hannunta.

Talata, 27 ga Mayu

Gobe Laraba ce dama. Zan fita tun hantsi in wuni can, ba zan jira ladan ba.

Laraba, 28 ga Mayu

Na yi wanka da hantsi, na yafa mayafi, na ɗauki Littafi. Sai na ga wayata ta mutu. Kwana uku Iliya bai kira ba, in ya kira ina hanya bai same ni ba fa? Na shiga in sa ta a wuta ta ɗan ɗauka. Na zauna a bakin kujera, Littafi a cinya. Ubangiji ya sani ko jingina ban yi ba.

Wayar ce ta tashe ni. Hawa, tana kuka.

"Inna ta cika. Kin hita ke nan, ko kwanar kasuwa ba ki kai ba."

Gilashi ya yi ja. Littafin yana cinyata a rufe. Tsinken kabar da nake sa alama da shi ya koma ƙarshen Bishara.

Alhamis, 29 ga Mayu

An binne ta da safe. Mutanen gidan sun raka mu har maƙabartarmu, suka tsaya daga gefe da hulunansu a hannu.

Fasto ya ce a bakin kabari a yi koyi da Uwar Iliya, da hawan jininta da zafin nan ba ta yi fashi ba har aka kai sura ta ƙarshe. Mata suka juyo suna dubana. Rahama matar Fasto ta matse mini hannu. Na buɗe baki. Na rufe.

Da za mu watse Hawa ta ja ni gefe. Ta ce, "Jiya ta ba ni tausai. Kina ta karatu, ita ko ta juya huska bango tana cewa, Larai ta zo? Larai ta zo? Ni ina ce mata, Inna, ga ta nan gabanki. Ruɗewar ajali ce, ko?"

Na ce ita ce.

Asabar, 31 ga Mayu

La'asar ta yi ko ba ta yi ba, ban sani ba. Ba inda za ni.

Na buɗe sura ta sha shida in karanta wa kaina da ƙarfi, ko zai zama wani abu. Na kai inda matan suka kama hanya da sassafe da kayan ƙamshinsu. Na yi tuntuɓe a suna na uku, na tsaya ina jiran a gyara mini. Na'urar kawai ke huci. Na rufe.

Lahadi, 8 ga Yuni

Ban fita sujada ba. Ƙafa ce, makon jiya ma ita ce. Na yi tawa a nan, a zuci.

Rahama ta kira, ina jin wajen azahar ne. Ta ce addu'ar da na yi wa marasa lafiya yau a gaban ikilisiya ta sa ta hawaye. Wai tun da Inna Tabita ta tafi bakina ya buɗe, ko gargada babu. Na saurara ko gabana zai faɗi. Bai faɗi ba.

Ƙurajen sun baje, kaina ya daina sara. Kwana shida Iliya bai kira ba. Da can da na zaga unguwa ina neman wanda ke da ɗa a arewa. Yanzu na ce lafiya lau yake, ai ana yi masa addu'a a kan lokaci.

Rahama ta tuna mini Laraba akwai taron mata, kuma ni ce da karatu. Na ce mata za ta gan ni.